Dokar da aka yanka ba ka nan, tana ɗaure ka?



Tambayar da zan ajiye gabanku yau ba tawa ba ce. Wani dattijo ne ya yi mini ita shekarun baya, lokacin da nake koyar da manya karatu a wani gari na ƙasar Madawa. Ran nan ya zo aji a makare, ransa a ɓace, ko littafinsa bai ɗauko ba. An kama masa awaki uku suna yawo bakin kasuwa, an kai su garkar meri, an ce ba zai karɓe su ba sai ya biya. Ya kuwa biya. Da ya zauna sai ya dube ni, ya ce: "Malam, kai da ka san takarda, gaya mini. Wa ya sa wannan doka? Yaushe aka sa ta? Ni ina ina?" Na ce: "Baba, majalisa ce ta sa." Ya ce: "Majalisar ta san babu dusa gidana cikin watan nan?" Aji duka ya tuntsire da dariya. Shi bai yi dariya ba, ni ma daga baya na daina.

Mu a karkara, doka takan zo mana ne da murya ɗaya: "an ce". Mai shela ya zagaya kasuwa da gangarsa, ya ce an ce kowa ya ɗaure dabbarsa, an ce kuɗin rumfa ya ƙaru, an ce kada a sake zuba shara a wuri kaza. Shi wannan "an ce" ba shi da fuska, ba shi da gida, ba ka iya zuwa ka gaishe shi, balle ka yi masa gardama. Saboda haka kafin mu shiga tambayar dattijon, ya kamata mu fara cire wa "an ce" rawani, mu ga ko wane ne.

A shekarar 2002 aka yi dokar da ta raba ƙasar Nijar komin-komin har 265. Bangi na cikinsu, ita da Azarori, Galma, Urno, Sabon Gida da Madawa kanta, su shida ke nan cikin gundumar Madawa. Buza ta samu nata, irin su Ƙarofane da Tama da Allakai, Keita ma haka, da Tamaske da Ibohaman da Garhanga. Ran 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen kansiloli na farko a cikinsu. An sake yi a farkon 2011, an kuma yi ran 13 ga Disamba 2020. Babbar dokar da ta tsara aikin waɗannan majalisu an sa mata hannu ran 17 ga Satumba 2010.

Ga yadda wannan doka ta shata hanya. Jama'a su zaɓi kansiloli, kansiloli su zaɓi magajin gari daga cikinsu. Majalisa ta zauna sau huɗu a shekara, ban da zaman gaggawa in wani abu ya taso. Magajin gari shi ke kiran zama, da takarda mai ɗauke da abin da za a tattauna. Ƙofa a buɗe take, duk ɗan komin na iya shiga ya zauna ya saurara, sai fa in majalisa ta yanke a rufe saboda wani dalili. Sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki na yankin suna da kujera a ciki, suna faɗin ra'ayinsu, amma ba su jefa ƙuri'a. In an gama muhawara a ƙirga hannuwa, abin da masu rinjaye suka yarda da shi a rubuta. Daga nan takarda ta tafi wurin perfe, wakilin gwamnati, ya duba ko ta ci karo da dokar ƙasa. In ta ci karo, ya ce a gyara ko a janye, in an ƙi ya kai gaban alƙali. In ba ta ci karo ba, a liƙa ta a meri, ta hau kan kowa. Ta wannan hanya aka riƙa yanka kasafin kuɗin komin, da kuɗin kasuwa, da na tasha, da na mahauta, da na garkar dabbobin da aka kama, cikin iyakar da dokar ƙasa ta yarda. Akwai kuma oda da magajin gari ke iya bayarwa da hannunsa shi kaɗai, kan tsabta, da zaman lafiyar gari, da yawon dabbobi.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja suka rushe majalisun komin duka a watan Afrilu 2024, suka naɗa kantomomi su riƙe aikin magajin gari da na majalisa a haɗe. Ban kawo wannan don in yabi wani ko in zagi wani ba. Na kawo shi don ku ga tambayar dattijon ba ta tsufa. Ko mutum ashirin ne suka ɗaga hannu, ko mutum guda ne ya sa hannu, akuya dai ita ce za a kama, mai akuya kuma zai tambayi wanda ya ɗora masa.

To, me ke sa doka ta zama doka? Me ya raba ta da umurnin ɗan fashi da ya tare hanya ya ce a ajiye kaya? Dukansu biyu suna cewa "yi, ko ka sha wuya".

Wasu za su ce ƙarfi ne, ba wani abu ba. Mai jandarma da kaso shi ke da doka. Iyayenmu sun ɗanɗani wannan. Zamanin Nasara, kwamanda na iya rufe mutum kwana goma sha biyar ba tare da shari'a ba, don bai tashi ya gaishe shi ba ko don lanho ya makara. Ana ɗibar samari aikin tilas, su bar gonakinsu tsakiyar damina. Sai a 1946 aka soke wannan tsari. An bi waɗannan dokoki, ƙwarai kuwa. Amma da kwamanda ya juya baya, wa ya ci gaba da bi? Ƙauyuka nawa ne na bakin iyaka suka kwashe kaya cikin dare suka ƙetare ƙasar Ingilishi? Mutanen Bangi sun san iyakar ba ta da nisa. Biyayyar tsoro tana tsayawa daidai inda idon mai bulala ya tsaya. Komin kuwa ba ta da idanun da za ta sa a kowace gona da kowace rijiya.

Wasu kuma za su ce: in dai dokar mai kyau ce, ina ruwanka da wanda ya sa ta? Magani ba ya tambayar marar lafiya kafin ya yi aiki. Wannan magana ta fi ta farko nauyi, kuma na daɗe ina ganin gaskiyarta. Abin da ya sa na ja baya shi ne labarin itace. A 1974 aka yi dokar daji wadda ta hana saran wasu itatuwa, cikinsu har da gawo. Niyya mai kyau ce, ƙasa na fama da fari, hamada na matsowa. Amma manomi ya lura cewa gawon da ya tsiro a gonarsa, in ya girma ya zama na hukuma, ko reshe ya sara sai ma'aikatan daji su ci shi tara. Sai ya yi abin da kowane mai hankali zai yi: ya sare shi tun yana ɗan tsiro, kafin kowa ya gani. Dokar kare itace ta zama sanadin kashe itace. Sai daga tsakiyar shekarun 1980, da aka sassauta, manoman ƙasar Maraɗi suka fara barin tsiro suna gyara shi, abin da ake kira sassabin zamani, gonaki suka sake yin duhu. Dokar daji ta 2004 ta zo ta tarar da aikin ya yi nisa. Waɗanda suka rubuta ta 1974 sun fi manomi sanin ilimin itace. Abin da ba su sani ba shi ne abin da manomi zai yi ran da dokar ta iso gonarsa, wannan kuwa ba mai gaya musu sai shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saura amsa ta uku, wadda tsarin komin ya tsaya a kanta: doka na ɗaure ka ne don kai ka sa ta, ta bakin wanda ka aika. Ka zaɓi kansila, kansila ya ɗaga hannu, hannunsa naka ne. In ra'ayinku bai yi rinjaye ba, ka yi haƙuri, gobe naku zai yi. Na yarda da wannan fiye da sauran. Amma akwai rami a cikinta, kuma a nan nake so mu daɗe, don ramin nan ya ci rayuka a ƙasarmu.

Rinjaye na waɗanda ke zaune ne. Wanda ke tafiya fa?

Ku ɗauki maganar sakin gonaki. Kowa a nan ya san ta. Da damina makiyaya na hawa arewa da dabbobi, wajen Abalak da Azawak, su bar wa manoma fili. Tun 1961 doka ta shata iyakar da noma bai kamata ya wuce ba ta arewa. Da ruwa ya ɗauke, tabkunan arewa suka fara ƙafewa, dole su gangaro kudu. Saniya ba ta san kalanda ba, ƙishirwa ta sani. Shi kuma manomi, hatsi ya yi, ya yanke gero, amma dawa ba ta ƙosa ba, wake na kwance, dammuna na gona ba a kai rumbu ba, kara ma yanzu kuɗi ne, ba mai barinsa a banza kamar da. Mako biyu na iya zama bambancin cin tuwo har bazara da sayen tiya tun watan sanyi. Makiyayi na cewa a saki da wuri, manomi na cewa a jinkirta. Babu maƙaryaci a cikinsu. Da ma akwai mai gaskiya da mai ƙarya, da abin ya yi sauƙi.

Wa ke yanka ranar? Dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta zo ta cika dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, ta ce hukumar jiha ce ke sa hannu kan ranar rufe gonaki da ranar sakinsu, amma sai bayan an ji ta bakin kwamitocin ƙasa na gunduma da na komin, da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya. Ta ce a baza labarin ranar ko'ina. Ta ce bayan ranar saki, ba mai neman diyyar ɓarna a gonar damina. In kuwa ɓarna ta auku kafin ranar, ba a ɗaukar sanda: a je gaban sarki, a zauna da wakilan manoma da na makiyaya daidai wa daida, a kimanta, a sasanta, in ya gagara a wuce wurin alƙali. Ta kuma hana cin burtali da toshe hanyar mashaya.

Ku lura da hikimar da ke ciki. Ba a bar wa komin ita kaɗai ta yanka ranar ba. Me ya sa? Don a komin irin tamu ta kudu, manoma su ne masu ƙuri'a. Bafulatanin da ya gangaro daga arewa, ko Buzun da ke wucewa da raƙumansa zuwa Najeriya, sau da yawa ba a nan aka rubuta shi ba, ba a nan yake zaɓe ba, ba kansilan da ke jin tsoron ɓata masa rai. In aka ce hannuwa kawai za a ƙirga, kullum shi ne a ƙasa, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Haƙurin da ake ba wanda bai yi rinjaye ba, cewa gobe nasa zai yi, ba shi da ma'ana ga wanda gobensa ba ta zuwa. Shi ya sa aka ce sai an kira shi, an ji shi, ko ba shi da ƙuri'a.

Wannan a takarda ke nan. Shekara shida bayan an rubuta ta, ran Talata 1 ga Nuwamba 2016, shanu suka shiga gona a Bangi. Gardama ta tashi, mai gona ya rasa ransa, ramuwa ta biyo baya, aka sa wa gidaje wuta. Ma'aikatar cikin gida ta ce mutum 18 suka mutu, 43 suka ji rauni. Da yawa cikin mamatan mata ne da yara, waɗanda ba su kora saniya ba, ba su kuma shuka gonar ba. Allah ya jiƙansu duka. Manya sun tuna da Toda, ta ƙasar Gidan Rumji, inda a watan Oktoba 1991 aka kashe fiye da mutum 100, galibinsu mata da yara na rugar Fulani, daidai lokacin da manyan ƙasa ke zaune a Yamai suna Taron Ƙasa kan yadda za a zauna lafiya.

Ba ni da niyyar tada miki, kuma shari'ar wannan rana ba tawa ba ce. Abu guda nake so mu gani. Ranar nan a Bangi ba doka aka rasa ba. Akwai dokar ranar saki, akwai ta diyya, akwai ta sasanci gaban sarki, kowace da lambarta da kwanan watanta. Amma lokacin da jini ya hau, ba wanda ya ji a ransa cewa waɗannan dokoki nasa ne, za su ƙwato masa haƙƙinsa in ya ajiye sanda ya bi su. Doka na kwance cikin kabad, mutane na tsaye a gona. Tsakanin kabad da gona akwai tafiya, kuma ba ta yiwuwa da mota, sai da baki da kunne.

Na san abin da wani ma'aikaci zai ce, don sun sha gaya mini. Zai ce: Malam, kana magana kamar wanda bai taɓa riƙe ofis ba. In sai an ji bakin kowa kafin a sa doka, ba za a sa ko ɗaya ba. In amai da gudawa suka ɓarke, magajin gari zai tsaya kiran taro kafin ya rufe rijiyar da ta gurɓace? Gaskiyarsa. Akwai ranar da shawara ɓata lokaci ce, shi ya sa ma doka ta ba magajin gari ikon oda da hannunsa. Gobara ba ta jiran a gama gaisuwa. Amma kuɗin rumfa ba gobara ba ne. Ranar sakin gonaki ba ta faɗo wa kowa ba zato, kowace shekara tana zuwa, an san watanta tun ranar shuka. Abin da na gani shi ne, ana aron uzurin gaggawa a rufe abin da ba gaggawa a cikinsa, don kiran mutane akwai gajiya, kuma wanda aka kira yana iya cewa a'a.

Akwai kuma shawarar da ba shawara ba. A kira taro, a jera kujeru, a kawo wakilin manoma wanda rabonsa da hauya shekara goma, da wakilin makiyaya wanda ke zaune cikin birni ba shi da ko tunkiya, a karanta musu abin da aka riga aka rubuta, su sa hannu, a raba kuɗin zama, a watse. A takarda an ji bakin kowa. Ni a ganina wannan ya fi rashin taron muni, don ya toshe bakin mai kuka. In ya ce ba a ji shi ba, sai a nuna masa sa hannun wakilinsa.

Yanzu mu koma kan dattijona. Tunda ba a ji shi ba, yana da hurumin ya ƙi bi? Ya je cikin dare ya kwance awakinsa?

Na juya wannan tambaya shekaru, ga inda na tsaya. A'a, ba shi da shi. Dalili kuwa, awakinsa ba majalisa suke yi wa ɓarna ba. Tiren mai ƙosai suke kifarwa, dashen da yaran lakwal suka sha wahalar ban ruwa suke cinyewa. In kowa ya ce dokar da ba a tambaye shi ba ba ta hau kansa ba, ba magajin gari ne zai sha wuya ba, mai rauni ne, don inda doka ta janye mai ƙarfi ke shimfiɗa tabarmarsa. Wanda ya ƙi bin ranar saki don ba a kira shi taro ba, ya kora shanu cikin wake, bai rama wa gwamna komai ba, maƙwabcinsa ya cuta. Saboda haka bin dokar na kansa.

Amma bashi bai ƙare a nan ba. Shi ya biya nasa, saura waɗanda suka sa dokar su biya nasu. Suna bin sa biyayya, yana bin su bayani da sauraro. In suka karɓi nasu suka hana shi nasa, sun ci amana, ko da kowace takarda tasu ta wuce gaban perfe ba gyara. Perfe yana duba ko doka ta bi ƙa'ida. Ba aikinsa ba ne ya duba ko an yi wa mai akuya adalci, wannan sai mutanen gari. Kuma mai akuya na da hurumin da ya fi kwance igiya cikin dare: ya je da rana tsaka, ya tambaya, ya ce bai yarda ba, ya tara irinsa su nemi a canza. Dokar da mutum ya sa, mutum na iya warware ta a zama na gaba. Wannan tsohon zance ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, cikin laifuffukan da ya lissafa wa sarakunan zamaninsa har da ɗora wa talakawa jangali da kuɗin gari da karɓe-karɓen kasuwa ba bisa haƙƙi ba. Ashe tambayar "wa ya sa, da wane hurumi" ta girmi meri, ta girmi kwamanda.

Kada kuma mu wanke kanmu. Na halarci zaman majalisa ba sau ɗaya ba a shekarun da ake yinsa. Ƙofa a buɗe, bencin jama'a ba kowa, sai ni da wani mai gadi da ke gyangyaɗi. Ranar da ake yanka kasafin kuɗin shekara, ranar da ake cewa ga abin da za a karɓa a kan kowane buhun albasa da kowace rumfa, mutane na can gindin bedi suna dara. Bayan wata biyu mai tikiti ya zo, a tashi da zagi. Wanda aka hana shi magana an zalunce shi. Wanda aka buɗe masa ƙofa ya ƙi shiga, da wane baki zai ce an yanka ba ya nan?

Sai dai ko a nan, in za a yi gaskiya, ƙofar ba ta buɗu duka ba. Muhawara a yi ta da Hausa, don kansiloli da yawa ba su yi lakwal ba, amma takarda a rubuta ta da Faransanci, a liƙa a bango da Faransanci. Kansila ya ɗaga hannu kan abin da ya ji, a rubuta abin da ba zai iya dubawa ba. Talaka ya tsaya gaban allon meri kamar mai kallon sawun kaji. Takardar da aka liƙa wadda ba mai iya karanta ta, da ita da wadda aka ɓoye duk ɗaya. A watan Maris 2025 sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. To, ga wurin gwada wannan magana, ba sai an je Yamai ba: kowace oda ta meri a liƙa ta da Hausa, da boko da ajami, a karanta ta a rediyon gari da Fulatanci da Tamashek, tun ana shirin ta, ba sai ta riga ta hau kan mutane ba. Mu kuma masu zuwa ajin yaƙi da jahilci mu san abin da muke koyon karatu dominsa. Ba don wasiƙar ɗanmu da ke Legas ko Abijan kaɗai ba ne.

Mata fa? Su ne rabin kasuwa. Su ke biyan tikiti kan ƙosai da fura da ganye da tabarma, su ke ɗibar ruwa a famfon da ake yanka wa kuɗi. A Keita, tun daga 1984 da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa, mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu a ka suna jera su kan fako. A shekarar 2000 aka yi dokar da ta ware wa mata kaso cikin kujerun zaɓe, daga 10 cikin 100 aka kai shi 25 cikin 100 a 2019. Kujera ta samu. Amma na ga zaman da kansila mace ta buɗe baki kan kuɗin ruwa, wani ya ce mata: "Hajiya, bari maza su gama." Maza suka gama, aka ɗaga hannu, aka tashi. Ita kaɗai ce a ɗakin ta san nawa jarka take ranar da famfo ya lalace.

Dattijon nan nawa bai bar aji ba. Ya daɗe yana fama da baƙaƙe, hannunsa ya saba da hauya, alƙalami na zame masa. Wata rana bayan kaka ya zo da ƴar takarda a naɗe cikin hularsa, rasit ɗin da aka ba shi ranar awaki, ya ajiye shi duk tsawon lokacin nan. Ya shimfiɗa shi kan benci, ya bi lambobin da yatsa, ya karanta kuɗin da kansa, ya ce daidai ne da abin da ya biya. Sauran rubutun Faransanci ne, na fassara masa. Sai ya ce: "To, Malam, yaushe za su sake zama?" Na ce sai na tambaya. Ya ce in tambaya, in kuma rubuta masa ranar da manyan baƙaƙe, don akwai maganar garkar da yake so ya yi musu: an gina ta ba inuwa, ba kwalin ruwa, akuyarsa guda da ta kwana biyu a ciki ta fito ta zubar da ciki.